Masu Karatun Birik da Abokansu na Nesa



Duk wanda ya san Briqueterie, ko Birik kamar yadda 'yan gida ke yanke mata suna, da tsire ya san ta, da ɗinki, da kiran salla. Baƙo ya sauka Yawunde, a kai shi Ma'aikatar Soya ya ci nama, a zaga da shi layin teloli ya zaɓi shadda, in Juma'a ce a haura da shi Tsinga ya yi salla a babban masallacin da Saudiyya ta gina. Ba mai gaya masa cewa unguwar nan cike take da masu karatun littattafan hira, domin su ba a ganinsu. Akasarinsu mata ne, suna cikin gida, littafin nasu kuma yanzu ba shi da bango balle a hango shi a hannu. Yana cikin waya. A kansu za mu yi magana yau, su da abokan da suka samo wa kansu a garuruwan da ba su taɓa takawa ba.

Yadda aka yi ma suka iya karatun abin a jinjina musu ne. Ɗan unguwar nan da safe Faransanci yake sha a makaranta, wasu Ingilishi, da yamma ya ɗauki allo. Hausa a bakin uwa ya same ta, ya ƙara da ta rediyo daga BBC da Muryar Amurka da Jamus, amma yawancinmu ba malamin da ya taɓa tsayawa a aji ya nuna mana yadda ake rubuta ta. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya yi alkawarin kare harsunan ƙasa da ɗaukaka su, a 2008 kuma aka buɗe sashen harsuna da al'adun Kamaru a babbar makarantar horar da malamai ta nan Yawunde. To, ƙasar da ke da harsuna sama da 200, kafin layi ya zo kan kowa da sauran tafiya. Saboda haka yarinyar da ta iya Faransanci ita ke zama da littafin Hausa ta yi ta kokawa da shi. Ta karanta kalma yadda madam ta koya mata, ta ji ba ta ba da ma'ana ba, ta sake, har kunnenta ya gaya mata abin da marubucin ke nufi. Littafi ɗaya, biyu, sai hanya ta buɗe.

Kakanninmu fatauci ne ya kawo su garin nan tun zamanin Jamus, littafin ma a cikin kayan fatake ya iso. Ɗan kasuwa ya je Kantin Kwari sarin atamfa da shadda, matarsa ko ƙanwarsa ta yi masa sallahu, ya cusa 'yan littattafai a tsakanin dila, su biyo ta Yola ko Mubi, su ratsa Garwa, su hau jirgin dare a Ngaundere. Matsalar ita ce littattafan Kano kashi-kashi ake buga su, na ɗaya, na biyu, na uku, marubuci ya tsaya daidai inda rai ya fi so ya ce a tara a littafi na gaba. Mai karatu a Fagge gobe za ta aika kasuwa a sayo mata. Ta Birik kuwa sai ta jira Alhaji ya sake tafiya, shi kuma ya manta, ko ya dawo mata da na uku alhali na biyu take nema. Akwai iyayenmu mata a unguwar nan da suka rabu da Sumayya ta In Da So Da Ƙauna a bakin rijiya, suka yi shekaru ba su san yadda ta ƙare da Muhammad ba. Littafi ɗaya kuma sai ya zaga gida goma, ya dawo ba bango, shafin ƙarshe ya tafi da man ja.

Amma rashin littafi na biyu bai kai rashin abokin magana ciwo ba. Wanda ya taɓa gama littafi mai daɗi da tsakar dare ya san abin da nake nufi. Kana cike da magana, kana so ka tambayi wani ko shi ma ya ji haushin uwar mijin nan, ko ya yarda da hukuncin da marubuciya ta yanke, ka waiwaya kowa ya yi barci, da safe kuma in ka ɗauko zancen a ce ba ka da aikin yi. A Kano masu karatu sun daɗe da samun mafita. Marubuta kan sa adireshinsu a littafi, a yi musu wasiƙa, su jera sunayen masoya suna gaishe su, ga ƙungiyoyi irin su Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino, ga shagunan haya inda ake haɗuwa a yi musu. Mu a nan muna can bakin iyakar wannan duniya, muna jin ƙamshi.

Waya ce ta canza lissafin. Yau ƙawa ce za ta jefa ki cikin wani zauren WhatsApp, ko ki ga sanarwa a Facebook ki bi ta, ki wayi gari cikin mata ɗari da wani abu, wannan tana Damagaram, waccan tana Zangon Kumasi, wata Jidda, wata Gusau, wata Agadas. Kafin a tambaye ki sunan mijinki za a tambaye ki gwanarki a marubuta. Amsar da kika bayar kuwa ita ce katin shaidarki, da ita za a gane shekarunki da irin gidan da kika tashi.

In kika ce Anti Bilki, wato Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe, an san kin sha karatun takarda, kuma kina son labarin da yarinya za ta yi ilimi, ta riƙe addini, ta iya magana da miji, ta ci riba a ƙarshe. In kika ce Balaraba Ramat Yakubu, to ke ba ki son a shafa miki zuma, domin ita Hajiya Balaraba yadda gidan yake haka take nuna shi, da zagin da marin da kwanon da ba cefane. Tsofaffin hannu za su tuna miki cewa kafin su duka Hafsatu Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. 'Yan mata kuma su yi dariya su ce duk wannan tarihi ne, su marubutan waya 'yan Zafafa Biyar suke bi, shafi-shafi, kullum dare. Maza ma suna nan, ko da yake sun fi son a ce ba su nan. Su Abdul'aziz Sani Madakin Gini suke ambata, da yaƙe-yaƙensa da aljanunsa, ko Nazir Adam Salih, dattawan cikinsu kuma ba su da magana sai Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, kamar dai alƙalami ya bushe ranar da Abubakar Imam ya ajiye nasa. Ni kaina, in za a tambaye ni, ɓangaren Hajiya Balaraba nake, kuma zan dawo kanta.

Alherin wannan haɗuwa ba ƙarami ba ne. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kaya suka tsaya fiye da shekara, labari kuwa bai fasa tsallakowa ko dare ɗaya ba. Tsohuwar da idonta ya yi rauni, ko wadda ba ta taɓa koyon boko ba, yanzu jikarta kan kunna mata littafi a YouTube wani yana karantawa, tana tsinke zogale tana saurare. Wadda ke rubutu a ɓoye cikin littafin makaranta ta ga cewa mata irinta sun fito, tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016, Aisha Muhammad Sabitu ta lashe ta farko da labarinta Sansani. Hausarmu ma ta ƙaru. Kalmomin da suka ɓace mana a nan, Faransanci ya maye gurbinsu, sai ga su suna dawowa ta bakin 'yan Katsina da Sakkwato.

Sai dai mai karatun Birik baƙuwa ce a waɗannan zauruka, kuma ana tuna mata da haka ba da niyya ba. Da yawa daga marubutan waya, da zarar saurayi mai kuɗi ya buɗe baki, sai Ingilishi. Layi uku, huɗu, wani lokaci a daidai inda maganar ta fi muhimmanci. 'Yar Kaduna ta wuce abinta. 'Yar Yawunde da 'yar Maraɗi, waɗanda Faransanci suka yi, su tsaya suna zare ido a cikin littafin da aka ce na Hausa ne. Ina roƙon 'yan'uwanmu marubuta na Najeriya, in wannan magana ta kai gare ku, ku tuna cewa masu karanta ku sun wuce inda naira ke aiki. Imam ya sa sarakuna da waziri da ɓarayi sun yi magana littafi uku cur da Hausa, ba wanda darajarsa ta ragu.

Ga kuma batun kuɗi, wanda a nan laifin ya fi karkata gare mu. Marubuciya ta ba da shafukan farko kyauta, in labari ya kama ki sai ta ce sauran na kuɗi ne, ga lambar asusun banki. Wasu kan ware lamba domin 'yan Nijar. Mu da ke riƙe da Orange Money da MTN a nan, sau da yawa sai an bi ta hannun ɗan canji ko wani ɗan'uwa a Mubi, abin da za a kashe wajen aikawa ya kusa kai kuɗin littafin. Sai a zaɓi hanya mai sauƙi, a jira wata ta saya ta watso shi kyauta. Ana yi ana sa albarka, ana cewa Allah ya ƙara basira. Baiwar Allah ta kwana tana danna waya da babban yatsa, ga goyo ga girki, mu kuma mun biya ta da addu'a. Unguwar da ta iya aika kuɗin dilar shadda har Kano ba tare da ko sisi ya yi ciwon kai ba, ba za ta gaza hanyar aika kuɗin littafi ba. Mata goma su haɗa sefa, a ba ɗan kasuwa ɗaya amintacce, kowace a sa sunanta cikin waɗanda suka biya. Adashi muke yi tun kafin a haifi waya.

Abin da ke cikin waya kuma ba ajiya ba ne. Manhajar OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023. Ko ba wannan ba, hannu ɗaya a cunkoson kasuwar Mokolo ya isa ya raba mace da littafi ɗari. Batun batsa da iyaye ke kuka da shi gaskiya ne, akwai shi, kuma ba hukumar da ke iya tace abin da ke shigowa waya da ƙarfe biyun dare. A 2007 an ƙona littattafai a Kano da sunan gyaran tarbiyya, rubutun bai tsaya ba, wuri kawai ya sake. Uwar da ta san sunan marubuciyar da 'yarta ke bi, ta kuma karanta ko da shafi biyar ne, ta fi mai ƙwace waya sanin halin da ake ciki.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Mun samo abokan karatu a Jidda da Kumasi, ba mu samo wadda ke ɗaki ɗaya da mu ba.

Ku shiga gida ɗaya a Birik ko Tsinga. Uwa ko babbar yaya tana karanta Hausa a waya. Ƙanwa 'yar lise, wato sakandare, ko wadda ke jami'a a Ngoa-Ekelle, tana riƙe da Djaïli Amadou Amal da Faransanci, wataƙila ma na hannu ne ta saya wurin masu baza tsofaffin littattafai a gindin falwaya. Ita ƙanwar tana ganin na yayarta tatsuniyar soyayya ce ta matan da ba su yi nisa a boko ba. Yayar kuma tana ganin na ƙanwar karatun Nasara ne, ba ruwanta. Alhali abu ɗaya suke karantawa.

Amal 'yar Marwa ce, an haife ta a 1975, aka yi mata aure tana da shekara 17. A nan Yawunde aka buga littafinta na farko, Walaande, a 2010, kan mata huɗu da ke raba miji ɗaya. Na 2017, Munyal, ya ci kyautar Orange ta littafin Afirka a 2019, aka sake fitar da shi a Faransa da sunan Les Impatientes, ɗaliban lise na can suka zaɓe shi ya ci kyautar Goncourt tasu a 2020. Mata uku ne a ciki. Ramla, da aka raba da wanda take so aka ba Alhaji Issa. Hindu, da aka ɗaura wa ɗan'uwanta mashayi mai duka. Sai Safira, uwargidan Alhaji Issa, wadda ta rantse amarya ba za ta zauna ba. Kowace ta kai kuka gida, haƙuri ake ba ta.

Balaraba Ramat kuwa, ƙanwar marigayi Janar Murtala, an cire ta daga makaranta aka aurar da ita ba ta wuce shekara 13 ba. A 1990, shekara 30 kafin Faransa ta tafa wa Amal, ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. Rabi ce a ciki, matar Alhaji Abdu mai shago a kasuwa, wanda ya auro Delu ya kore ta da 'ya'ya tara, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su tana biya musu makaranta. A Wa Zai Auri Jahila? kuma ga Abu, da aka cire daga aji aka miƙa wa tsoho Sarkin Noma. Da Aliyu Kamal ya mayar da Alhaki Ingilishi, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012, mutanen waje suka yi ta mamaki, alhali matan Birik sun riga su sanin Rabi da shekara 20. 'Yar lisen da ke ganin Amal ce ta fara fasa wannan ƙwai ba ta san abin da ke cikin wayar yayarta ba. Yayar kuma ba ta san cewa 'yar Marwa ta kai irin kukan Rabi har Faris an saurare ta ba.

Maza ma haka. Maƙwabtanmu na unguwar Madagaskar, nan bayan Mokolo, Patrice Nganang ya sa su a littafi tun 2001, Temps de chien, kuma kare ne ke ba da labarin, yana kwance a mashayar maigidansa yana kallon mutanen unguwa da wahalarsu. Dattijon da ya haddace Magana Jari Ce, inda aku ke riƙe da ɗan sarki da hira dare bayan dare, shi ya fi kowa cancantar a ba shi labarin wannan kare, ya faɗi wanda ya fi wayo tsakaninsa da akun. Ɗansa da ya karanta Nganang bai taɓa tunanin ya gaya masa ba. Mongo Beti, bayan gudun hijirar shekara 30 da ɗoriya, da ya dawo gida kantin littattafai ya buɗe a garin nan a 1994, Librairie des Peuples Noirs, domin ya san marubuci ba ya rayuwa inda masu karatu ba su da wurin haɗuwa. Mu namu wurin haɗuwar ba ya bukatar haya. Muna da zaure, muna da tsakar gida, muna da majalisar shayi a ƙofar kowane shagon tela.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake so waɗannan masu karatu biyu su zauna tare. Labaran da ke shigo mana waya kusan duk a Kano suke faruwa, ko Abuja, ko Dubai. Yarinyar da ke yi wa kakarta Hausa, ta yi ciniki da Ewondo a Mokolo, ta rubuta jarrabawa da Faransanci, ta ji wa'azi da Fulatanci, ita ma labari ce. Haka mahaucin da ke jiran shanu daga Adamawa, da rigimar da kan tashi in ɗan Birik ya ce 'yar Bamun yake so, ko 'yar Ewondon da ta musulunta. Wadda za ta rubuta wannan sai ta san yadda Anti Bilki ke riƙe mai karatu har asuba, ta kuma san yadda Amal ta sa baƙo ya fahimci gidan da bai taɓa shiga ba. A yanzu rabin wannan sani yana wajen yaya, rabi yana wajen ƙanwa.

Shawarata ga zaurukan unguwar nan, waɗanda na san suna saurare, ita ce ku ware yammaci ɗaya a wata, bayan la'asar, a gidan ɗaya daga cikinku. Ku fara da littattafan nan biyu, na Balaraba da na Amal. Yaya ta karanta babi ɗaya na Alhaki a fili, ƙanwa ta ba da labarin babi ɗaya na Amal da Hausa, yadda za ta iya, inda ta kakare a taya ta. Waɗanda ba su karanta ba su yi mini afuwa, zan ɗan ɓata musu ƙarshen. Bayan shagon Alhaji Abdu ya ƙone, Delu ta juya masa baya, dangi sun taru sun matsa wa Rabi ta karɓe shi, ta karɓa ba da son ranta ba. Ramla kuwa cikin dare ta fice ta bar gidan Alhaji Issa da duk dukiyarsa. Na san iyayenmu mata za su ce Rabi ce 'yar halak, 'yan mata su ce Ramla ce mai hankali. Ni dai ina ganin Hajiya Balaraba da gangan ta mayar da Rabi, don mai karatu ya rufe littafin da haushi a maƙogwaro, kuma a shirye nake Hajiyoyin Birik su ƙaryata ni.